Buhun Ciki Ba Ya Hana Salla

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata cuta da kan kama mutum a ƙasar Sabiyal, da Jega, da Aliero, da Maiyama, wadda ta kamata malamai da attajirai su san halinta, watau sankara idan ta toshe hanji. Alamunta kuwa huɗu ne: ciki ya kumbura, ya yi ta murɗa, amai ya ƙi tsayawa, kuma bayan gida da iska su ɗauke.

To, a nan ne masu jinya kan yi kuskure saboda ƙauna. Uwar gida ta dama kunu ta matsa wa maigida ya sha, ƙane kuma ya jiƙo filasko da kanwa don a wanke ciki. Amma fa hanyar a toshe take, duk abin da aka zuba sai ya dawo, maganin zawo kuwa yana iya fasa hanji. Mutanen Aliero sun shahara da ɗori, sai dai hanji ba ƙashi ba ne. Maganarsa sai asibiti, ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, wanda aka buɗe a 1952, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Can likita kan sa roba ta hanci ya janye abin da ya taru, ya yi ƙarin ruwa, ya ba da allurar kashe zafi. Wani majinyaci a yanke wurin da ya toshe. Wani kuwa a huda masa ciki a manna buhun roba, najasa ta riƙa fita ta nan. Wani cutar ta riga ta bazu, aiki ba zai amfane shi ba, sai a sauƙaƙa masa azaba. Likita ma yana da nauyi, domin wajibi ne ya gaya wa dangi gaskiya, kada su sayar da gona da albasar shekara a kan aikin da ba shi da fa'ida.

Abin baƙin ciki shi ne, dattijo kan ƙi buhun nan don tsoron sallarsa ta ɓaci, ya koma gida ya cika cikin wahala. Alhali Shehu Halilu ya ambaci hukuncin kafar da aka huda a ƙasan tumbi a cikin Muhtasar, fiye da shekara 600 da suka wuce. A mazhabar Maliku, hadasin da ke zuba rabin lokaci ko fiye ba da ikon mutum ba, ba ya warware alwala, sabunta ta mustahabbi ne, kamar yadda Risala ta nuna a kan mai yoyon fitsari. Wanda ya kasa tsayuwa kuma ya yi salla a zaune.

Saboda haka lalle malamin da aka kira don rubutu da addu'a ya yi, sa'an nan ya ce a nemi mota yau, ya kuma karanta wa majinyaci wannan hukunci, domin maganarsa ta fi ta likita shiga kunne. Attajirai kuwa su tuna buhun nan saye ake yi ana canzawa, sadaka a kansa tana tsare wa Musulmi mutuncinsa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Amin. Wassalamu.