Likitan Da Ya San Ka Tun Kana Lafiya: Maganar Tsoron Asibiti A Ƙauyukan Sinja

A ƙauyukan Hausawa da ke jere a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, tun daga Mai Wurno har kudu da Sinja, amsa guda ake samu idan aka ce wa dattijo ya je a auna shi: "Lafiyata ƙalau, me zan je nema?" In aka matsa masa, sai ya ce likita ba ya duba mutum ya sallame shi hannu rabbana, dole sai ya tono masa wani abu. Samarin da suka yi karatu kan yi saurin kiran wannan jahilci. Sun yi gaggawa. Tsoro ne, kuma dattijon yana da shaidar da idonsa ya gani.

Shaidar kuwa ba ta wuce ciwon madura ba, wanda jihar Sinnar ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Manomi ne a gonar dawa ko ta riɗi, ko mai saran itace cikin bagaruwa, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa. Ya cire, ya ci gaba da aiki. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa, ta bi ƙayar ta shige. Bayan watanni sai wani ɗan ƙullutu ya fito, babu zafi, babu zazzaɓi, ba ya hana noma, ba ya hana zuwa kasuwa. A hankali ya kumbura, ya huhhuje, yana tsatso ruwa tare da wasu ƙwayoyi baƙaƙe kamar habbatus sauda. A nan ake fara jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wani har a yi masa sakiya. Kafin a ɗauke shi zuwa asibiti shekaru sun shuɗe, ciwon ya ci nama ya kai ga ƙashi, abin da ya rage wa likita shi ne ya yanke.

Mutanen gari ba su ga shekarun da aka ɓata ba. Abin da suka gani shi ne wane ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Saboda haka na gaba da ya ga ƙullutu a ƙafarsa sai ya ɓoye, ya jinkirta fiye da na farko, shi ma a yanke, labarin ya ƙara ƙarfi. Farfesa Ahmed Hassan Fahal, wanda ya kafa cibiyar binciken madura ta Jami'ar Kartum a Soba a 1991, ya shafe shekaru yana fama da wannan jinkiri, har cibiyar ta kai aikinta ƙauyen Wad Onsa a gabashin Sinnar don a riski marasa lafiya a inda suke. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙullutun da aka kama yana ƙarami ana iya cire shi da ƙaramin aiki a haɗa da magani, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Sai dai ba mai nuna ƙaramin ƙullutu marar zafi ga baƙon da zai biya kuɗin mota ya je ya gani. Wanda ake nuna wa irin wannan shi ne wanda aka saba da shi, wanda za a ce wa, "Af, duba mini nan ma," ana cikin wata maganar.

Wannan shi ne ainihin abin da ya kamata a yi gardama a kai. Iyali a ƙauye suna bukatar mutum ɗaya na lafiya da suka zaɓa tun babu ciwo, suka riƙe shi, ya san su.

Hausawa na cewa jiki magayi, amma hawan jini bai san wannan karin magana ba. Yana iya zama a jikin mutum shekara goma bai ce uffan ba, ranar da zai yi magana kuma da shanyewar ɓarin jiki zai yi ta, ko da lalacewar ƙoda. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta nuna kashi 46 cikin ɗari na manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. Ciwon suga ma haka yake saɗaɗowa. Tsargiya, wadda ta daɗe da zama 'yar gida a magudanan ruwan Jazira tun bayan kammala madatsar Sinnar a 1925, yara kan yi fitsarin jini da ita a ɗauka ba komai ba ne, alhali ƙwayoyin praziquantel na kwana guda suna kashe tsutsar.

Al'adar da aka saba da ita kafin yaƙi ita ce a tsallake cibiyar lafiya ta kusa. In ciwo ya yi tsanani, a sayar da akuya, a yi karo-karo, a nufi Wad Madani ko Kartum wajen babban likita mai fanni, a kwana a layi, a gan shi na minti biyar, a dawo da takardar magani da ba wanda zai bibiya. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya toshe wannan hanya. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe ta. Sinja kanta ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, aka karɓo ta a Nuwamba. A tsakanin nan masu hawan jini da masu suga sun yi watanni babu magani, aka wawushe asibitoci, cibiyar madura ta Soba ma ba ta tsira ba. Wasu iyalan kuma gudu na biyu ke nan suka yi, domin rikicin da ya auku a yankin Damazin da Rusairis a Yuli 2022 ya riga ya koro dubban Hausawa zuwa arewa. Wanda ya ɗan samu sauƙi a wancan lokaci shi ne wanda ya san sunan maganinsa, ko yake da lambar wani hakim da ya san tarihinsa.

Ba sabon tunani ba ne a wannan yanki. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Jazira da ke Madani an gina ta ne tun farko kan horar da likitocin da za su yi aiki cikin al'umma. A 2010 jihar Jazira da jami'ar, da taimakon masana daga Jami'ar Bergen ta ƙasar Nowe, suka fara shirin likitan iyali: likitoci fiye da 200 aka rarraba cibiyoyin lafiya na garuruwa da ƙauyuka, suna aiki suna karatun digiri na biyu na shekara biyu ta intanet. Da yawa daga cikin cibiyoyin nan ba su taɓa samun likita ba kafin lokacin. Masanan Bergen ɗin ne kuma daga baya suka bibiyi bayanan mutanen ƙasarsu miliyan 4.5, suka gano cewa wanda ya riƙe likita ɗaya fiye da shekara 15, haɗarin mutuwarsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda shekara ɗaya kawai ya yi da nasa. Nowe ba Sinja ba ce, wannan kowa ya sani. Amma dalilin bai da ƙasa: wanda ya san yadda fuskar mutum take yana lafiya shi ne zai fara lura ta canza.

Akwai wata gaskiya da masu kira ga "cikakken gwaji" ba sa son faɗa. Babban nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi, wanda ta sabunta a 2019, ya nuna cewa tara wa mai lafiya gwaje-gwaje barkatai ba ya rage mace-mace. Don haka dattijon da ke zargin ana neman tatsarsa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ɗakin gwajin da ke rubuta wa manomi hoton ciki da gwajin jini iri goma alhali ba ya ƙorafin komai, aljihunsa yake dubawa. Abin da ke da amfani ɗan kaɗan ne kuma mai araha: awon jini, awon suga ga wanda ya manyanta ko yake da shi a dangi, duba ƙafa da fata, gwajin fitsari ga yaran da ke shiga ruwa, da awon ciki ga mata, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi sau takwas kafin haihuwa.

To wa za a zaɓa? A yawancin ƙauyukan ba likita ba ne, mataimakin likita ne, wanda kowa ke kira hakim, sai ungozomar da aka horar. Kada a raina su. Su ne suke zama idan likitoci sun tafi Saudiyya. Sharaɗi na farko kusanci: wurin da za a kai a ƙafa, ko a raksha, ko a keken jaki ko da damina ta lalata hanya. Na biyu harshe. Jikokin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suna jin Larabci kamar kowa, amma tsohuwar da za ta iya cinikin kifi da Larabci ba lalle ta iya kwatanta yadda ƙirjinta ke suka da shi ba. In akwai ma'aikaci mai jin Hausa, shi ya fi. In babu, a je da wanda zai fassara, kuma kada ya zama suruki ko ɗan fari, don gaban waɗannan babu macen da za ta buɗe baki ta faɗi matsalar mara. Akwai matan da ba za su taɓa yarda namiji ya duba su ba. Maimakon a yi ta yi musu wa'azi, a nemo musu mace.

Sauran alamomin a zama ɗaya ake gane su. Ya bari an gama magana kafin ya ɗauki alƙalami? Ya faɗi sunan ciwon da amfanin kowane magani? Mafi girma, ya san iyakarsa? Hakim da ke cewa "wannan ya fi ƙarfina, ga takarda, a tafi asibitin Sinja" ya fi wanda ke da allura ga kowane ciwo. Wanda kuma ya yi wa dattijo tsawa don ya fara zuwa wajen malam ko mai ɗori, ya kori majinyaci ne kawai. Mutum zai ci gaba da zuwa wajen malaminsa, hakim ɗin ne zai daina gani.

Ita kanta ziyarar ba wani abu ba ce. Za a ce, "Baba, zauna ka huta tukuna." Minti biyar a kan kujera, baya a jingine, ƙafa biyu a ƙasa, hannu a kan tebur. A ɗaura masa ɗamarar awo a damtse, ta matse na ɗan lokaci, ta saki. A ɗan soki kan yatsa a ɗiga jini a tsinken gwaji. A ce ya cire takalmi a duba tsakanin yatsu. Shi ke nan. Gara a ɗaga shan gahawa da taba sai bayan awo, ko a bar rabin sa'a tsakani, domin suna ɗaga lamba.

Faɗuwar gaba ma tana ɗaga ta, kuma likitoci sun san haka. A 1983 wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Mancia, ya nuna cewa shigowar likita ɗaki kaɗai tana ɗaga lambar sama ta awon jini da kusan maki 27. Bayan 'yan shekaru ya gano cewa idan ma'aikaciyar jinya ce ta shigo, tashin bai wuce kusan rabin haka ba. Shi ya sa ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awon rana ɗaya. Ko ya haura 140 bisa 90, sai an sake a wata rana. Wanda gabansa ke faɗuwa ya faɗa a fili, ya nemi a sake awon a ƙarshen zaman. 

Saura kuɗi, wanda shi ne rabin tsoron. A jihar Sinnar aka fara aiwatar da inshorar lafiya ta ƙasar Sudan a 1995, kuma tsarinta shi ne mai kati ya biya kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin magani, Diwanin Zakka kuma ya ɗauki nauyin iyalai marasa ƙarfi. Yaƙi ya jijjiga tsarin, kuma Hausawa da dama sun daɗe suna shan wahalar samun takardun ɗan ƙasa da ake nema kafin a yi rajista. Wannan aikin sarakunan Hausawa ne da kwamitocin unguwa: su tattara sunayen iyalan da ba su da kati su bi musu a ofis a jumlace, maimakon kowa ya je shi kaɗai a ce ya dawo gobe.

Za a ce riƙe likita ɗaya mafarki ne a ƙasar da ma'aikatan lafiya ke watanni babu albashi, yau suna nan gobe sun tafi. Maganar tana da nauyi, kuma gwamnatin jiha ce za ta amsa ta. Gyara ginin asibitin Sinja ba zai wadatar ba idan cibiyoyin ƙauye babu na'urar awon jini da tsinken gwajin suga, ko ana sauya wa hakim wurin aiki duk bayan 'yan watanni. Abin da aka gwada a Jazira a 2010 ya cancanci a maimaita shi a Sinnar, a ba 'ya'yan ƙauyukan nan fifiko wajen horo, domin su ne za su zauna.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun kowane gida. A sayi ƙaramin littafin rubutu ga kowane babba, a riƙa sa hakim ya rubuta kwanan wata, lambar awo da sunan magani, a ɗauki hoton shafin a waya, a ajiye littafin tare da takardun gida masu muhimmanci. Fayilolin asibiti da dama sun salwanta a wannan yaƙi. Littafin da ke cikin jaka yana bin mai shi duk inda ya sauka. 'Ya'yan da ke aiko kuɗi daga Kartum, Fot Sudan ko Jidda kuma, a kiran waya na gaba su tambayi Baba da Inna yaushe aka yi musu awo na ƙarshe, su nemi wanda zai raka su cibiyar lafiya ta kusa cikin wannan watan.