Intel da AMD: Saurin Na'ura Kaɗai Ba Ya Kawo Riba

Muhawarar da masu zuba jari ke tafkawa kan kamfanonin Intel da AMD na Amurka ta fi karkata ga tambaya guda: ƙwaƙwalwar kwamfutar wanne ta fi sauri? Wannan ma'auni kuwa bai isa a ɗora dukiya a kansa ba, domin zakaran bana kan koma baya baɗi.

Abin dubawa shi ne masana'anta. A 2009 AMD ya rabu da masana'antunsa, daga bisani ya miƙa aikin ƙira ga TSMC na Taiwan. Intel ya riƙe nasa, amma jinkirin sabunta su ya ja shi baya. A 2022 darajar AMD a kasuwar hannun jari ta zarce ta Intel, a 2024 kuma Intel ya dakatar da biyan riba ga masu hannun jari.

Sai dai nasarar AMD ta dogara ne ga tsibirin da Sin ke iƙirarin mallakarsa, kuma duk wani rikici a can zai tsayar da kayansa cak. Saboda haka, kafin mai jari ya tambayi saurin na'ura, wajibi ne ya san inda ake ƙera ta.