Abin da ake ja, shi ma yana buƙatar birki

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, ya sha ganin wannan abu: mota ta mutu, an ɗaure ta da igiya a bayan wata, ana ja. Karen mota ne riƙe da sitiyari, wani lokaci ma har da fasinja a ciki. Mun saba gani har abin ya daina ba mu tsoro, alhali kuwa abin tsoro ne.

Bari mu duba yadda wasu suka ɗauki sha'anin jan mota. A ƙasar Amurka akwai manyan motoci masu ɗakin kwana da madafa da makewayi, waɗanda iyali ke yawon buɗe ido a cikinsu. Da yawa sukan jawo ƙaramar motarsu a baya, don in sun sauka su shiga gari da ita. Babu kowa a cikin ƙaramar, da sandunan ƙarfe aka haɗa su. Duk da haka sukan sa mata wata na'ura a gaban kujerar direba, wadda ke taka mata birki a duk lokacin da babbar ta taka nata. Akwai kuma wata siririyar waya tsakanin motocin biyu: in mahaɗin ya ɓalle, wayar ta fizge wani ɗan makulli, nan take birkin ƙaramar ya kama, ta tsaya da kanta.

Kowace jiha a can da dokarta, amma da yawa daga cikinsu sun wajabta birki ga abin da ake ja in nauyinsa ya kai wajen kilo 1.360. Dalili a fili yake: birkin kowace mota an auna shi ne da nauyinta da na kayanta. In an ƙara mata tan guda ko fiye a baya, sai ta yi nisa kafin ta tsaya, birkin kuma ya yi zafi ya saki.

Kada a ce wannan maganar masu kuɗi ce. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar motoci, wadda Nijar ta amince da ita, ta ce duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta. Gaskiya ne tirela ake nufi, amma hikimar ɗaya ce. Motar da injinta ya mutu, birkinta tauri yake yi, don injin ne ke taimaka wa ƙafar direba. Sitiyarin ma nauyi yake ƙarawa. In akuya ta gitta, na gaba ya taka birki, ina na baya zai nufa? In igiya ta tsinke a kan gangara, wa zai tare?

Mun san amsar direbobi: motar janwe ba ta samuwa a daji, in ta samu ma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, barin mota a bakin hanya kuwa kyauta ce ga ɓarayi. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma sandar ƙarfe ta jan mota, mai walda na unguwa yana iya ƙera ta.

Don haka muna kira ga shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin direbobi da su ajiye irin wannan sanda a kowace tasha. Jandarmomi da ƴan sanda su hana ja da igiya a kan babbar hanya, su hana ɗaukar fasinja a motar da ake ja, su hana ja cikin dare babu fitila. Mai ja kuma ya tafi sannu, don in gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake sau huɗu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.