Don Allah Direbobi A Liƙa Wa Ƙofofin Mota Sitika Mai Ƙyalli

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi na wasiƙu in yi kira ga direbobinmu na haya da 'yan uwana masu bin kasuwannin ƙauye, a kan wani abu da muka raina, alhali yana karya mutane, wani lokaci ma ya kai su kushewa. Ba komai ba ne illa ƙofar mota da ake buɗewa cikin duhu a bakin titi.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, kuma abin da ya sa na ɗauki biro a gabana ya faru. Kwanakin baya muna dawowa daga cin kasuwa bayan sallar isha'i, a hanyar Zariya zuwa Kano, sai tayarmu ta baya ta yi faci. Direba ya gangara gefe, amma da yake gefen titin ya zaizaye, rabin motar na kan kwalta. Ya kashe mota ya buɗe ƙofarsa zai fita, kafin ya sauke ƙafa sai muka ji "gwaram!" Wani bawan Allah ne a kan babur da buhun masara a baya, ya daki ƙofar ya faɗi can tsakiyar titi. Allah Ya sa babu babbar mota a bayansa. Ya karye a cinya, ga shi lokacin girbi ne, ga iyali. Da muka ɗauke shi, abin da yake ta maimaitawa shi ne, wallahi ya ga motar kuma ya kauce mata, ƙofar ce bai gani ba.

Malam Edita, gaskiya mutumin nan ya faɗa. Tun 1972 da Nijeriya ta canja hannu muka koma bin dama, ƙofar direba tana hagu, wato duk sanda ya tsaya a gefe, cikin titi take buɗewa. Fitilun baya faɗin motar kawai suke nuna wa mai tahowa, da su yake auna inda zai bi. Ƙofa kuwa in ta buɗe sosai tana ƙara kusan mita guda a kan wannan faɗin, ga ta ba fitila, cikinta kuma baƙi. Mai babur da ke tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. To yaushe ya gani, yaushe ya taka burki?

Maganin kuwa kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba. Sitikar nan ce mai ƙyalli da ake kira rifilekta, irin wadda muke gani a bayan tankoki da tireloli, ana samunta wajen masu sayar da kayan mota. Aikinta irin na idon kyanwa ne in an haska shi da tocila: hasken da ya faɗa mata take mayarwa inda ya fito, wato wajen mai fitilar. Dabarar ba sabuwa ba ce, don tun 1934 wani Bature a Ingila mai suna Percy Shaw ya ƙirƙiro irin waɗanda ake dasawa a tsakiyar titi. Ba ta bukatar waya, ba ta shan batir. Ko batirinka ya mutu murus a daji, tana nan tana aiki. Wasu motocin ma daga kamfani suke zuwa da ɗan jan abin nan a ƙasan ƙofa ta ciki, sai dai kafin su tsufa a hannunmu ya fashe ko ya faɗi, ba wanda ya damu ya mayar.

Amma a kula da inda za a liƙa. Ka buɗe ƙofar, ka koma bayan motar ka tsaya, kaurin bakin ƙofar nan da ke kallonka, nan ne wurin. A wanke shi, a bari ya bushe, sannan a liƙa ja daga sama zuwa ƙasa, a dukkan ƙofofin. Ja za a sa, domin ja shi ne alamar bayan mota, fari na gaba ne, a jikin mota ta gefe kuma ruwan ɗorawa ake sawa. A riƙa goge ta, musamman da hunturu, don in ƙura ta rufe ta, da ita da babu duk ɗaya.

Na san wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya ba mu hankali. Muna kashe kuɗi wajen rubuta kirari da zanen fulawa a bayan mota, me zai hana mu kashe kaɗan a kan abin da zai tsare ran wani, ya kuma tsare mu daga biyan kuɗin ɗori da na gyaran ƙofa da jelen ofishin 'yan sanda?

Sai dai kada a ɗauka sitika ta gama komai. Sai an haska ta take ƙyalli, saboda haka masu babur da keke da ke yawo da dare ba fitila, su ma su ji tsoron Allah su gyara. Direba kuma ya duba madubi kafin ya buɗe. A ƙasar Holan akwai al'adar buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, domin hakan na sa mutum ya juya ya ga bayansa, har Birtaniya ta sa wannan shawara cikin ƙa'idojin hanyarta a 2022. A nan wurinmu, direba da hannun dama ke nan zai buɗe. Mu fasinjoji kuma mu daina gaggawar fita ta hagu don kawai mu riga kowa zuwa but ɗaukar kaya. A fita ta dama, ta gefen daji.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho, yadda ba sa barin mota ta yi lodi sai ta biya kuɗin tasha, haka su riƙa duba ƙofofinta. Ita ma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta shigar da wannan magana cikin wayar da kan da take yi a tashoshi da rediyo, da Hausa, ba sai ta jira an yi laifi ta ci tara ba. Mu kuma 'yan kasuwa, kowa na da direban da ya saba ɗaukarsa duk ranar kasuwa. Ka saya ka ba shi, ko ku haɗa kuɗi ku liƙa masa da hannunku, tunda ku ne a ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya ba wancan bawan Allah lafiya, amin.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.