Bututu Ya Fashe A Sabon Gida: Wa Zai Biya?

A bara wani ƙanena ya kammala ginin gidansa a Sabuwa, bayan shekaru yana tara kuɗi. Wata biyu da tarewa, bangon banɗaki ya fara tsatsafo. Da aka fasa tayil, sai aka tarar mahaɗar bututun da aka binne ba ta kama ba. Mai aikin famfo ya ce kayan ne marasa kyau, ɗan kwangila ya ce shi gini ya yi, ƙanena kuwa ya sake zuba kuɗi.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya ja hankalina shi ne yadda kowa ya faɗi maganar: "bututu ya fashe", "famfo ya lalace". Irin wannan jimla ba ta ambaton wanda ya aikata, kamar bututun ne ya ga dama ya fashe. Daga nan sai a ce tsautsayi ne, a bar mai gida da asara.

Alhali kuwa alhakin yana da mai shi. Idan aikin ne aka yi da ha'inci ko sakaci, gyara yana wuyan wanda ya yi shi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Idan gidan a gine aka saya, fiƙihun Malikiyya ya san haƙƙin mai saye a kan aibin da ya riga ciniki kuma bai bayyana ba. Amma idan mai gida ne da kansa ya je Funtua ya zaɓo bututu mai araha, bayan an gargaɗe shi, to kada ya zargi kowa. Araha ba ta ado.

Inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Yawancin gine-ginenmu da baki ake ƙulla su, kunya kuma ta hana mu neman rubutu daga ɗan unguwa. A manyan kwangiloli, galibi akan riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki har tsawon wata shida, domin gyaran duk aibin da ya ɓullo. Me zai hana mai ɗaki uku a Sabuwa ko Faskari ya yi haka?

Shawarata ita ce a rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, gaban shaidu biyu, a fayyace wanda zai sayo kaya. A saki ruwa a gwada bututu kafin a yi filasta, a ajiye rasit, a kuma riƙe cikon kuɗi. Mai sana'a na gari ba zai ƙi wannan ba, domin shi ma kariya ce gare shi.