Ƙwan Brahma da Ma'aunin Kimiyya

Tun zamanin da, al'ummomi daban-daban sun yi ta ƙoƙarin bayyana girman wannan halitta da tsawon shekarunta. Cikin bayanan da aka gada, da wuya a sami wanda ya kai na malaman Indiya yawan lissafi. A littattafansu na harshen Sanskirit, musamman waɗanda ake kira Purana, ana kiran halitta gaba ɗayanta da suna Brahmanda, wato ƙwan Brahma. A yau akan ji wasu na cewa waɗannan littattafai sun riga kimiyyar zamani sanin shekarun duniya. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ɗalibin da ya karɓe ta ba bincike zai yi hasarar darasi mafi amfani da ke cikin tarihin.

Bisa wannan koyarwa ta Hindu, zamani yana zagayawa ne kamar da'ira, ana halitta, ana rushewa, a sake halitta. An kasa shi kashi huɗu, kowane kashi ana ce masa yuga. Krita yana da shekara 1,728,000, Treta 1,296,000, Dwapara 864,000, sai Kali mai shekara 432,000, wanda suka ce shi ake ciki tun shekara ta 3102 kafin miladiyya. Jimillarsu shekara 4,320,000, ita ce mahayuga. Mahayuga dubu su ne kalpa guda, wato shekara biliyan 4.32, kuma wannan a wurinsu wuni ɗaya ne rak na Brahma, darensa ma haka.

To, a nan ne ruɗanin yake. A shekarar 1956 wani masani ɗan Amurka, Clair Patterson, ya auna shekarun duniya ya sami kimanin biliyan 4.55, adadin da bai sauya sosai ba har yau. Duk wanda ya ajiye 4.32 kusa da 4.55 zai ga sun yi kama. Abin ya ƙara armashi idan aka tuna cewa a shekarar 1897 babban masanin Birtaniya, Lord Kelvin, yana ganin shekarun duniya ba su wuce miliyan 20 zuwa 40 ba. Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Dalili na farko shi ne hanyar da aka bi aka kai ga kowane adadi. Mai lura zai ga cewa shekarun yuga huɗun nan ninki ne na 432,000 sau huɗu, sau uku, sau biyu, sau ɗaya. Tsari ne na hisabi da aka ɗora wa ma'ana ta ɗabi'a, domin a koyarwar, nagarta tana raguwa daga zamani zuwa zamani. Patterson kuwa duwatsun da suka faɗo daga sama ya auna. Sinadarin yuraniyam yana rikiɗa ya zama dalma a hankali, kuma rabin nau'insa mafi yawa yakan ɗauki kusan shekara biliyan 4.5 kafin ya rikiɗe. Daga nau'o'in dalmar da ke cikin dutsen ake gane shekarunsa. Kowane masani, a kowace ƙasa, yana iya maimaita awon, kuma in da kuskure ya fito da shi fili.

Dalili na biyu, su kansu littattafan ba su ce kalpa ce shekarun duniya ba. A lissafinsu, abin da ya shuɗe na kalpar da ake ciki bai cika shekara biliyan 2 ba. Haka kuma littattafan da suka kawo kalpa su ne suka ce Dutsen Meru yana tsakiyar duniya, kewaye da tsibirai bakwai da tekuna bakwai, na ruwan gishiri, da ruwan rake, da giya, da man shanu, da kindirmo, da madara, da ruwan daɗi. Ba adalci ba ne a tsinci lamba ɗaya da ta dace, a rufe ido ga sauran. Batun zagayawar halitta ma bai sami shaida ba: a 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa tarin taurari suna nesanta da juna, a 1998 aka gano cewa saurin wannan buɗewa ƙaruwa yake yi, kuma awon tauraron ɗan Adam na Planck a 2013 ya ba halittar shekara biliyan 13.8.

Duk da haka, kuskure ne babba a yi watsi da wannan gado a ce tatsuniya ce kawai. Al'ummar da ta saba da lambobi masu girma haka dole ta nemi hanyar rubuta su da sarrafa su. Aryabhata, wanda aka haifa a 476, ya rubuta littafinsa a 499, kuma ya ɗauki mahayuga ya mai da ita ma'aunin falaki. Ya ce cikin shekara 4,320,000 duniya tana juyawa sau 1,582,237,500. Idan aka raba, juyi ɗaya yana ɗaukar awa 23 da minti 56 da sakan 4, daidai da awon zamani. Ya kuma bayyana cewa inuwar duniya ce ke haddasa husufin wata. Brahmagupta, a 628, ya ƙi yarda da juyawar duniya, amma shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafi da sifili. Ga gardama tsakanin malamai, ga hujja, ga gyara. Nan ne kimiyyar Indiya take.

Wannan ilmi bai tsaya a Indiya ba. Al-Khwarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza kan lissafin Indiyawa a ƙarni na tara. Kalmar Sanskirit shunya, wato fanko, ita Larabawa suka fassara da sifr, wadda ta iso Hausa a matsayin sifili. Ashe duk yaron da ya rubuta 100 a allon aji yana cin moriyar wancan aiki. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit da kansa, ya rubuta littafi kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya kawo bayanin yuga da kalpa kamar yadda masu shi suke faɗa, ba zagi, sannan ya rarrabe tsakanin maganar Purana da ta masana falaki.

Wannan hali na Al-Biruni shi ya kamata malamai su dasa a zukatan ɗalibai. Malamin lissafi yana iya ba aji shekarun yuga huɗu su haɗa, su ninka har su kai kalpa, sa'an nan su gwada adadin Aryabhata da kansu. Malamin kimiyya kuma ya biyo da tambayar da ta fi kowace muhimmanci game da kowace lamba: wa ya auna, da me ya auna, kuma ta yaya za a gane in ya yi kuskure? Ɗalibin da ya saba da wannan tambaya zai girmama tunanin mutanen da, ba kuwa zai yarda a sayar masa da kama a matsayin hujja ba.