Nasihar Uwargida Game da Keken Maigida

Daga cikin abubuwan da shekarun nan na tsanani suka mayar wa titunan Umdurman, bayan an daɗe ana zaton zamaninsu ya shuɗe, akwai keke. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, man fetur ya yi wuya, motocin haya suka yi ƙaranci, jama'a masu yawa kuma suka rasa nasu motocin, sai ga dattijon da rabonsa da taka feda tun yana ɗan makaranta ya ciro tsohon kekensa daga bayan ɗaki, ya kakkaɓe masa ƙura, ya ɗaura jarkar ruwa a kariya ya kama hanya, kuma babu wanda ya ga aibinsa, domin larura ta daidaita kowa da kowa. To amma da al'amura suka fara lafawa, raksha da hafila suka koma kai da kawo a Shari'ul Wadi da tashar Shuhada, sai na lura kekunan nan suna komawa inda aka ciro su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi magana, kuma da matan gida nake yin ta kafin mazajensu, saboda a ra'ayina matar da ta kwaɗaitar da mijinta ya riƙe kekensa ta sauke wani haƙƙi daga haƙƙoƙin zaman aure, matuƙar ta san ta inda za ta ɓullo wa maganar.

Wanda duk ya san yadda magidanci yake yini a garin nan ba ya bukatar doguwar hujja. Yakan fito da safe ya shiga raksha tun daga ƙofar gida, ya sauka a bakin rumfarsa, ya zauna a kujera guda har la'asar, mai shayi tana aiko masa da kofi bayan kofi, kowanne da sukarin da cokali zai iya tsayawa a ciki, ga ful da man riɗi a karin kumallo, ga asida ko kisra idan ya koma gida; idan aka ɗebe takun da yake yi zuwa masallaci, da wuya a sami wani motsi da jikinsa ya yi tun fitowar rana har faɗuwarta. Haka shekaru suke tarawa, sai a wayi gari ana maganar ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Kuma kafin likita ya sani, kafin shi kansa mai jikin ya yarda, uwargida ce take fara ganin alamu: ita ce take jin hakinsa idan ya ɗaga buhu, ita take lura da yawan tashinsa cikin dare da ƙishirwar da ba ta yankewa, ita kuma za ta yi jinya idan abin ya kwantar da shi. Wanda zai ɗauki nauyin cuta idan ta zo, lalle yana da bakin magana a kan rigakafinta.

Abin da masana likitanci suka tabbatar a wannan babi a fili yake. Manyan tsokokin cinya da ƙwauri, idan suna aiki, suna zuƙar sukari daga cikin jini su ƙone shi, kuma jiki yakan ci gaba da sarrafa sukari da kyau har bayan an sauka an huta. Zuciya tana ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini suna sakewa, barci yana daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa baligi ƙiyasin aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar, abin da mai zuwa kasuwa a kan keke yake cikawa ba tare da ya ware masa wani lokaci na daban ba. Keke kuma yana da wata falala ga mai nauyin jiki da wanda shekaru suka fara ja, domin sirdi ne yake ɗauke da nauyinsa, gwiwa ba ta shan dukan da take sha a wurin gudu. Ga shi kuma Allah Ya yi garin namu shimfiɗaɗɗe, daga Abu Rof zuwa Maurada babu wani hawa da zai karya wa mutum gwiwa.

Ta fuskar shari'a kuwa, jiki amana ne, kiyaye rai kuma yana cikin manyan manufofin da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su. Buhari ya ruwaito ƙissar Salmanu Bafarise da Abud Darda'i, inda Salmanu ya tunatar da ɗan'uwansa cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa yake da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma gaskata Salmanu. Abin lura a ƙissar shi ne, daga bakin matar Abud Darda'i aka fara jin cewa akwai gyara. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake ya tsere mata. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, a littafinsa Masalihul Insan, maslahar addini da ta jiki ya haɗa a wuri guda tun daga sunan littafin. Saboda haka wanda ya ɗauki motsa jiki bidi'ar Turawa ce ko wasan yara, bai yi wa gadon magabatanmu adalci ba.

Uzurorin da maigida yakan kawo sanannu ne, kuma ba duka ne na banza ba. Zai ce zafi, kuma gaskiya ne cewa a watannin Mayu da Yuni zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma wanda ya hau keke da tsakar rana a irin wannan lokaci ya jefa kansa cikin halaka. Amma tsakanin sallar asuba da hantsi akwai sarari, bayan la'asar sakaliya ma akwai. Zai ce haɗarin hanya, wannan kuwa uzuri ne mai nauyi, domin ba a keɓe wa masu keke gefensu a titunanmu ba, kwalta ta farfashe a wurare da yawa, fitilun titi sun mutu, kuma a unguwannin da aka yi faɗa akwai ragowar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, waɗanda suka wajabta wa kowa ya bi hanyar da jama'a suke bi, ya bar ratse ta kango. Gadar Shambat ma, wadda take haɗa mu da Bahri, ta karye tun Nuwamba 2023. Babu mace mai hankali da za ta tura mijinta ya kutsa tsakanin manyan motoci da dare babu fitila. Abin da ake nema shi ne zirga-zirgar kusa, wadda ita ce mafi yawan zirga-zirgar mutum: kasuwar unguwa, gidan burodi, gaisuwar dangi, makarantar yara.

Sai dai idan aka tone duk waɗannan uzurori, abin da za a tarar a ƙarƙashinsu, a mafi yawan lokuta, shi ne jin nauyin idon mutane. Mutumin da ake kira Alhaji, wanda ya aurar da 'ya'ya, yana ganin idan aka gan shi a kan keke za a ce karayar arziki ta same shi, ko kuwa mutuncinsa ya zube. A nan ne nake so mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi, musamman mu Hausawan ƙasar nan. Kakanninmu da ƙafa suka zo. Daga Kano da Sakkwato da Katsina suka taso da niyyar hajji, suka keta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu shekara da shekaru suna tafe suna yada zango suna noma don neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Ta yaya jikan wanda ya tako wannan nisa zai ga ƙasƙanci a cikin tafiyar da ƙarfin ƙafarsa ne ya kai shi? Mutanen Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, sun shahara a faɗin Sudan da hawan keke, manyansu da ƙanana, kuma ba a taɓa jin an raina su saboda haka ba. Mafificin halitta ya hau jaki, har ya goya Mu'azu ɗan Jabal a bayansa. Muru'ar da shari'a take yabo tana cikin gaskiya da riƙon amana da kame kai daga abin kunya. Wadda kuwa take hana mutum abin da zai amfani jikinsa don tsoron a ce wane ya talauce, ina jin tsoron ta fi kusa da kibri, ko da mai ita bai ankara ba.

To, ta yaya uwargida za ta faɗa? Wannan shi ne wurin da mafi yawan nasiha take lalacewa. Wadda ta dubi mijinta a gaban yara ta ce tumbinsa ya yi yawa, ko ta buga masa misali da mijin maƙwabciya, ta rufe ƙofar da take son buɗewa, domin namiji yakan jure ciwo ya ƙi jure gori, kuma daga ranar keken zai zama alamar rinjayen da ba zai yarda a yi masa ba. Haka nan wadda take maimaita magana safe da yamma har ta zama mita. Abin koyi a nan shi ne hikimar Ummu Salama a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu ya sa sahabbai suka yi jinkirin yanka da aski: shawarar da ta bayar ita ce Annabi ya fita ya aikata da kansa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, da ya yi haka kuwa sai kowa ya tashi ya bi. Darasin da nake ɗauka shi ne, aiki yakan buɗe abin da yawan magana ya kulle, kuma shawarar da aka bayar a keɓe, cikin ladabi, ita ce take shiga.

Aikin kuwa mai sauƙi ne. Keken da ya shekara a jingine ba ya hawuwa, kuma muddin tayarsa a sace take, uzuri a shirye yake. Sai ta sa yaro ya tura shi wurin mai gyara, irin waɗanda suke zama a gindin darbejiya da famfo da kwanon ruwa, wanda zai zare tib ya hura shi ya nutsa cikin ruwan yana juyawa a hankali har ya ga inda kumfa take tasowa, ya goge wurin, ya shafa sholisho ya manna faci, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya ɗaure birki, ya sa ƙararrawa da fitila. Idan keken ya dawo yana sheƙi, sai a ajiye shi a zaure inda ido zai riƙa faɗawa kansa, a tanadi rigar arragi da wando a kusa, tunda bakin jallabiya yakan shiga sarƙa. Sa'an nan ta nemi lokacin da ransa yake sake, bayan ya ci ya sha, ta ce: “Malam, ni dai tsoro nake ji. Yaran nan ba su da wani bango sai kai, ni ma haka. Da za ka riƙa zuwa rumfa a kan keken nan da sanyin safiya, ko kwana uku ne a mako, da hankalina ya kwanta.” Magana irin wannan ba ta taɓa girmansa ba, bal ma ta nuna masa matsayinsa, kuma da wuya mai hankali ya ji ta ya yi fushi. Idan yana shan maganin sukari ko allurarsa, ta sa masa dabino a aljihu da gorar ruwa, domin sukari yana iya faɗuwa a hanya; idan kuwa yana da ciwon zuciya ko yakan ji nauyi a ƙirji, to wajibi ne a fara jin ta bakin likita.

Akwai kuma hujjar aljihu, wadda wani maigidan ya fi saurin saurara. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yuli 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ƙasar take haƙowa, sufuri bai sake yin araha ba. Mun ga dogayen layukan mai na 2018 da 2019, aka cire tallafin fetur a Yuni 2021, yaƙi kuma ya zo ya ƙarasa abin da ya rage na darajar fam. Uwargida da take riƙe da lissafin cefane ta fi kowa sanin abin da kuɗin raksha na wata guda zai saya na gawayi da albasa da littafin makaranta.

Ba zan bar maganar a kan maza kaɗai ba, domin nasiha tsakanin ma'aurata ba ta gefe ɗaya ba ce, kuma ciwon sukari ba ya tambayar jinsi. Kafin yaƙi an ga wasu mata a Khartum sun haɗa kai suna hawan keke a fili, aka kuma soke dokar nan ta tsarin jama'a a Nuwamba 2019, wadda ta daɗe tana takura wa mata a kan tituna. Asalin hawan abin hawa halal ne ga mace kamar yadda yake ga namiji, matan sahabbai sun hau raƙuma sun yi tafiye-tafiye, sharaɗin dai shi ne sutura da aminci. Abin da ya rage al'ada ce, ita kuwa al'ada ana yi mata ladabi, amma ba a ɗaukaka ta zuwa matsayin nassi. Na san a unguwanninmu da yawa matar aure ba za ta so a gan ta a kan keke ba, laffaya ma ba ta dace da sarƙa ba, kuma ba daidai ba ne a tilasta mata. Amma mijin da ya karɓi nasiha ya ga amfaninta, haƙƙi ne a kansa ya nema wa matarsa kwatankwacinta: ya fita da ita su taka bayan magariba, ko ya samo mata keken motsa jiki na cikin ɗaki idan da hali, ya kuma bar 'ya'yansa mata ƙanana su koyi hawa a tsakar gida tare da 'yan'uwansu maza.

Idan maigida ya ƙi a karon farko, kada ta mayar da abin rigima. Ta bar keken a zaure, ta bar maganar ta kwana. Lokacin da ya fi dacewa a sake tayar da ita shi ne shigowar sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar arewa take kaɗawa, safiya take daɗi, mutum yana iya tafiya daga unguwar Saura har cikin kasuwa bai jiƙe da gumi ba. Wanda ya fara a waɗannan watanni, kafin zafin Afrilu ya kama ƙafarsa ta saba, kuma shi da kansa zai nemi ya riƙa fita da wuri.